Hijabi a Kano, khimar a Alƙahira, maƙna'e a Tehran: wanne ne wanne?

Hajiya Mai Shago:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Don Allah masu Larabci da masu Farisanci ku warware mana wani ruɗani. Masu saro kaya daga Dubai da Jidda da Alƙahira suna yawan kuka cewa sai a rubuta wa dila "hijab" dozin goma, kaya su iso, a kwance a tarar da gyale. Ga kuma masu zuwa Iran karatu ko ziyara, suna dawowa da sunaye irin su rusari, shal, maƙna'e, cador. A cikinsu wanne ne hijabinmu, wanne ne gyale, wanne ne ɗankwali? Bayani nake so da awo, yadda mai saye zai rubuta a aiko masa da abin da ya nufa.

Malam Na Nahawu:
Wa alaikumus salam Hajiya. Dilan nan bai cuci kowa ba, abin da aka rubuta masa shi ya ɗauro. Daga wajenmu matsalar take: kalmar da Larabawa suke faɗa wa suturar gaba ɗayanta muka ɗauka muka laƙaba wa tufa guda.

Tushen hijab shi ne h-j-b, tsarewa, shiga tsakanin abu biyu. Shi ya sa ake ce wa gira hajib, mai tsaron ƙofar sarki ma hajib, a ilimin gado kuma idan ɗa namiji ya tare ɗan'uwan mamaci daga cin gado sai a ce hajb. Kalmar ta zo sau 7 a Alƙur'ani: A'araf 46, Isra'i 45, Maryam 17, Ahzab 53, Sad 32, Fussilat 5, Shura 51. Ku bi su ɗaya bayan ɗaya, babu inda take nufin ƙyallen da mace ke sawa a ka. Shamaki ne ko labule. Kalmomin tufa da suka zo kan wannan batu biyu ne: khimar, jam'insa khumur, a Suratun Nur aya 31, da jilbab, jam'insa jalabib, a Ahzab aya 59.

A kasuwar Larabawa ta yau, idan aka ce hijab ana nufin ƙyalle marar ɗinki da ake naɗawa a kai a soke da fil. Namu ɗinkakke mai kafar fuska, wanda ake zurawa ya sauko ƙugu ko gwiwa, mutanen Masar khimar suke ce masa. To shi za ku rubuta.

Sai dai a kula da furuci. Mu a nan mun saba cewa himar. Da kha ake faɗinsa, daga maƙogwaro kamar mai kaki. Himar da ha jaki ne. Wanda ya shiga shago a kasuwar Ataba ta Alƙahira ya nemi himar dozin biyu, dariya zai fara saya.

Ɗalibar Farisanci:
Allah ya gafarta Malam, a Farisanci ma haka zancen yake, har ya fi tsanani. Hejab a Iran ba abin da ake ɗauka a kanta a biya kuɗi ba ne. Suna ne na ƙa'ida da doka: bi-hejab wadda ba ta rufe kai ba, bad-hejab wadda ta rufe amma gashi a waje. Kayan da kansu sunayensu daban, kuma guda huɗu ne suka cika gari.

Rusari: ru na nufin bisa, sar kai, wato abin bisa kai. Ƙyalle ne mai tsawo da faɗi daidai. Ana ninka shi kusurwa da kusurwa ya zama alwatika, a ɗora, a ƙulla a ƙarƙashin haɓa ko a maƙale da ɗan maƙali. A siffa ɗankwalinmu ne, amma ɗaurin ya bambanta, mu ƙeya muke kai ƙulli mu bar wuya, su haɓa suke kawowa.

Shal: dogo ne siriri, shi ne gyalenmu. Ana yafa shi a jefa gefe ɗaya a kafaɗa.

Maƙna'e: wannan ne ɗan'uwan hijabinmu, ɗinkakke mai kafar fuska, sai dai gajere ne, iyakarsa ƙirji da kafaɗa. Shi ne tufar makaranta da ofis da jami'a da banki. Launinsa baƙi, shuɗi mai duhu da suke kira sormei, ruwan ƙasa ko ruwan toka, 'yan firamare kuma galibi fari.

Cador: babban lulluɓi daga ka har idon sawu, gabansa a buɗe, fuska a waje. Na rubuta shi da c ɗinmu domin sautin ke nan, kamar a ciki da cokali.

Uwar Ɗakin Tela:
Ƙanwata kin kawo sunaye, bari in sa musu tef, tunda awo Hajiya ta nema.

Rusari ana sayar da shi da lambar gefe ɗaya. Mai santimita 90 ƙarami ne, da ƙyar zai rufe wuya bayan ƙulli. Mai 100 zuwa 110 shi ne matsakaici. Mai 130 ko 140 shi ne wanda idan aka ninka yake saukowa ya rufe ƙirji. Wadda ta saya wa masu son rufe ƙirji mai 90, kayan za su kwana a shago.

Shal na Iran da shaila ta ƙasashen Gulf awonsu kusan ɗaya: faɗi 60 zuwa 75, tsawo 180 zuwa 200. Ƙasa da 170 ba ya zagaya kai sau biyu, kuma shi ke sa yana zamewa kowane minti.

Maƙna'e kuwa lambarsa, 90 ko 100, tsawo ne daga goshi, ta tsakar ka, zuwa ƙarshensa a baya. Ga yadda ake yanka shi: a samu yadi mai faɗin 150, a yanki 90 ko 100, a ninka faɗin biyu ya zama 75. Ninkin shi zai hau tsakar ka. A gefen gaba a bar kafar fuska daga sama, a ɗinke sauran daga haɓa zuwa ƙasa, sannan a zagaye kusurwar ƙasa da almakashi a yi kalmasa siririya. Kafar fuska ba a yin ta da ƙiyasi. A zagaya tef daga tsakiyar goshi, ta gaban kunne, ƙarƙashin haɓa, a dawo. Babbar mace takan ba da 52 zuwa 58, sai a raba biyu tunda yadin a ninke yake. Idan aka ƙara santimita 2 kawai, zai riƙa ja baya gashi ya fito. Idan aka rage, zai shaƙe haɓa ya bar shaida a kumatu. Duk telar da ta iya hijabin 'yan Islamiyya ta iya maƙna'e, tsawo ne kawai za ta rage.

Ɗalibar Farisanci:
Haka ne Anti. A ƙara da cewa akwai maƙna'e cane-dar, cane shi ne haɓa, wato mai ɗan ƙyalle da aka ƙara ya rufe haɓar. Masu sa cador sun fi son sa. Akwai kuma keravati, mai igiya biyu da ake ɗaurewa ta baya. Idan kuka ga an rubuta Borujerd a jikin leda, sunan gari ne a lardin Lorestan da yadinsa mai auduga ya yi suna, ba sunan salo ba ne. Don zafinmu irin wannan ya fi kirep, domin kirep ba ya shan gumi.

Mai Fassara:
Malam, ina da gyara kaɗan, kada masu karanta littattafai su faɗa rami. Khimar na kasuwar Alƙahira da khimar na ayar Suratun Nur ba siffa ɗaya ba ce. Na ayar ba ɗinkakke ba ne. Masu tafsiri sun bayyana cewa mata suna ɗora khimar a ka su saki gefensa ta baya, wuya da saman ƙirji a buɗe, sai aka ce su dawo da shi kan jaib, wato wuyan riga. Abin da ake iya sakewa baya a kuma jawo shi gaba mayafi ne, ba abin zurawa ba. Shi ya sa tarjamar Hausa ta Sheikh Abubakar Gumi ta sa mayafi a wannan wuri, ta kuma sa shamaki a inda hijab ya zo a Ahzab. Wanda ya fassara khumur da "hijabai" ya sa wa mutanen ƙarni na bakwai ɗinkin keken yau.

Af, jaib ɗin nan shi ya zama aljihu a bakinmu. Ma'anar ta gangaro daga wuyan riga zuwa inda ake sa kuɗi, tun a Larabcin ma.

Malam Na Nahawu:
Gyaranka ya karɓu, kuma ba mu saɓa ba. Hajiya kasuwa ta tambaya, na ba ta amsar kasuwa. A littafi khimar duk abin da ya rufe kai ne, tushensa ɗaya da khamr, giya, don tana rufe hankali. Har rawanin namiji an kira shi khimar a hadisin shafa a kan huffi da khimar. Kuma ko a yau ba ko'ina khimar ke nufin dogon ɗinkakke ba. A Aljeriya ƙyallen kai na yau da kullum shi ake ce wa khimar.

Maƙna'e da ƙanwarmu ta kawo ma Larabci ne tsantsa, miƙna'a, ɗan'uwan ƙina'i, abin da mace ke rufe kai da shi a tsofaffin littattafan lugga. Larabawa suka bar kalmar ta tsufa, Iraniyawa suka ɗauka suka ba ta aikin gwamnati.

Hajiya Mai Shago:
Madalla. To a Jidda fa da Dubai? Can ba na jin ana cewa hijab sosai.

Baƙon Jidda:
Hajiya, kowace ƙasa da bakinta. A Hijaz, wato Makka da Madina da Jidda, ƙyallen da ke tafiya da abaya tarha ne. Masar da Sudan ma tarha, har lulluɓin amarya fari tarha suke ce masa. A Dubai, Ƙatar, Kuwait da Bahrain shaila ce. A Siriya da Lebanon za ki ji isharb, aro daga Faransanci, kuma ya fi karkata ga mai kusurwa huɗu irin rusari. Falasɗinawa suna cewa mandil, alhali a wasu ƙasashen mandil hankici ne ko takardar goge hannu, don haka a kula. A Maroko za a ji zif da fular.

Abaya ma iri biyu ce, kuma a nan ake yawan asara. Abayat katif ita ce mai hawa kafaɗa kamar doguwar riga, wadda muka sani, sai an haɗa ta da tarha. Abayat ras a ka ake ɗora ta, ta zubo har ƙasa, irin ta matan Iraƙi da tsofaffin Najd. Awonta daga tsakar ka ake ɗauka, ba daga kafaɗa ba. Wadda ta ba da awon kafaɗa aka ɗinka mata ta ka, za ta tsaya mata a ƙwauri.

Hular ciki da ake sawa don kada shifon ya zame, Misrawa bandana ko bone suke cewa, mutanen Sham kuma amɗa. Isdal a Masar shi ne rigar salla mai haɗe da abin kai.

Ɗan Zaure:
Ni tambayata ita ce, tunda an ambaci Ahzab 59, rufe fuska wajibi ne ko mustahabbi? Domin wasu suna cewa...

Shugabar Zaure:
Ɗan'uwa a yi haƙuri, wannan zaren na sunaye ne da awo. Hukunci yana da nasa zaren, malamai sun yi ta kai da komo a can. A ci gaba.

Mai Fassara:
Na gode Shugaba. Amma jilbab a matsayin kalma ya cancanci a tsaya a kansa, domin ya fi kowace yawo. A littattafan lugga tufa ce da ta fi khimar girma, ana yafa ta a kan kayan jiki idan za a fita. A Jodan da Falasɗinu da Siriya yau jilbab doguwar riga ce mai maɓallai kamar kwat, ba ta taɓa kai ko kaɗan. A Aljeriya kaya ne biyu, dogon na sama mai hannu da siket. A Indonesiya kuwa jilbab ƙyallen kai ne kawai. Yanki uku, tufa uku. Kada kuma a haɗa shi da jallabiya, wadda riga ce da maza da mata ke sawa a Masar da Sudan, ko jallaba ta Maroko mai hula a ƙeya.

Uwar Ɗakin Tela:
Mu koma kan cador, don na ga ana tallar dogayen hijabai masu hannu da sunan "cador", kuma ba shi ba ne.

Cador na asali rabin da'ira ne. Ba hannu, ba maɓalli, ba kafar fuska. Miƙaƙƙen gefen shi ake ɗorawa a ka ta tsakiyarsa, gefe biyu su zubo ta gaba, mai shi ta riƙe da hannu ta ciki a ƙarƙashin haɓa. Idan hannu ya cika da kaya, da haƙori ake kamawa, ko a tattare a hammata.

Lissafin yadinsa: a auna daga goshi, ta tsakar ka, har ƙasa. A ce an samu 165. Miƙaƙƙen gefen zai zama ninki biyu, 330. Idan faɗin yadin 115 ne, bai kai 165 ba, saura 50, dole a yi ƙari a ƙasa. Wannan ƙarin ana fitar da shi daga wani yanki mai kusan 120, a raba shi biyu a tsaye a haɗa. Jimla mita huɗu da rabi. Doguwar mace za ta ci biyar. Idan an samu yadi mai faɗin da ya kai tsawon mai shi, ba ƙari, mita uku da rabi ta isa.

Inda ake ɓata shi uku ne. Na ɗaya, a juya fuskar yadi wajen ƙarin. Baƙin yadi yana da kwanciya, idan aka haɗa ɗaya sama ɗaya ƙasa, a ɗaki ba a gani, a rana sai ka ga baƙi biyu. Na biyu, a yi kalmasa ranar da aka yanka. Gefen da'ira yana bin karkatar zare, yana miƙewa, sai a rataye shi ya kwana ɗaya ko biyu, a sake daidaita ƙasan, sannan a kalmashe, in ba haka ba gefe ɗaya zai riƙa sharar ƙasa. Na uku, yadi mai santsi ba tare da roba ba, ba ya zama a ka.

Ɗalibar Farisanci:
Robar nan kesh suke ce mata, cador mai ita kuma kesh-dar. Ana ɗinka ta ta ciki daidai kunnuwa, ta zagaya ƙeya. Sannan ba a sa cador a kan gashi kai tsaye, sai an sa rusari ko maƙna'e a ƙasa, tunda gabansa buɗewa yake.

Amma Anti, masu hannun ma suna nan a Iran, kuma cador ake ce musu, sai dai da laƙabi. Cador-e melli da cador-e daneshjuyi, wato na ɗalibai, suna da hannu don mai jaka da littafi ta sake. Cador-e arabi kuwa abayat ras ɗin da Baƙon Jidda ya faɗa ce, an fi ganinta a Khuzestan wajen iyakar Iraƙi da wajen masu ziyarar Karbala. Wanda ba shi da komai shi ne sade ko sonnati. Cador-e meshki baƙi ne na fita. Cador-e namaz fari ne ko mai ƙananan furanni, na salla da cikin gida, irinsa ake ba mata aro a ƙofar hubbaren Imam Rida a Mashhad. Baƙin yadin da aka fi yabo daga Japan da Koriya ta Kudu yake zuwa.

Wani abin dariya ga mai fassara: cador kuma tanti ne. Cador zadan kafa tanti ne, cador sar kardan shi ne sa lulluɓi. Manhajar fassara takan mayar da mace mai lulluɓi mace mai tanti.

Malam Na Nahawu:
Tunda an zo nan, ga wata ƙa'ida da za ta taimaka wajen gane kalma idan ta tsallaka teku. Farisanci yana da haruffa huɗu da babu a Larabci: p, c, g da wani mai kama da j ɗin Faransanci. Idan kalma ta shiga Larabci sai p ta koma b, c ta koma sh. Cador a jaridun Larabawa shadur ne. Pushiye, siririn baƙin ƙyallen da ake saki a kan fuska duka, daga pushidan, sa tufa, shi ne bushiyya a Kuwait da Iraƙi. Mafi nisan tafiya: cador-shab, mayafin dare, wato zanen gado, ya shiga Turkanci ya zama carshaf, ya sauka Yaman ya zama sharshaf, baƙin lulluɓin matan San'a, alhali a Sham sharshaf har yau zanen gado ne.

Idan kuma kalmar Larabci ce ta shiga Farisanci, wasalin i yana komawa e, u yana komawa o: hijab hejab, niƙab neƙab, burƙu'u borƙe. Larabawan ma ba baki ɗaya ba ne. Bamisre higab zai ce da ni'ab, mutumin Gulf nigab da burga.

'Yar Yerwa:
Salamu alaikum. Ba a ambaci tamu ba. Lafaya daga laffa take, naɗewa, ta hanyar Larabcin Shuwa da Cadi. Ita ce Sudan ke kira tob, Muritaniya da Sahara kuma malahfa. Yadi ne guda marar ɗinki, mita huɗu zuwa biyar, kusan huɗu da rabi a Sudan, ana naɗa shi a jiki a kawo ƙarshensa a ka. Wadda za ta saya a Omdurman ta ce tob. Amma a Saudiyya thaub farar rigar maza ce, kalma ɗaya ce asali. Sannan a Sudan da Cadi idan tsohuwa ta ce za ta ɗaura wa yaro hijab, laya take nufi.

Malam Na Nahawu:
Ƙwarai, har a karkarar Masar. Ma'anar tsarewa ce dai, tana tsare shi daga baki da ido. Dangin lafaya kuma suna nan a Magrib: haik fari a Aljeriya da Maroko, safsari a Tunisiya, farrashiyya a Libiya. Duk yadi guda ne da ake naɗawa.

Hajiya Mai Shago:
To niƙabi da burƙa fa? A labarai sai a nuna matan Afghanistan a ce burƙa, a Dubai kuma na ga abin da suke kira burga ɗan ƙarami ne kamar na ƙarfe.

Baƙon Jidda:
Abu uku ne suke rabon sunan burƙa, Hajiya. Niƙabi kin san shi, yana rufe fuska ya bar ido, shi ne hadisin Bukhari ya ce mai harami ba ta sa shi, ba ta kuma sa safar hannu. Yana zuwa da falle ɗaya, biyu ko uku. Fallen sama ana ɗage su baya ko a sauke su kan ido, don haka a faɗi adadin falle wajen oda.

Burga na Badawiyyan Saudiyya kusan niƙabi ne, sai dai yana da zare ko siririn ƙyalle tsakanin ido biyu. Burga na Daular Larabawa da Oman da Ƙatar, wanda ake kuma kira battula, ba ƙarfe ba ne ko da yake yana ƙyalli. Yadi ne mai kauri da aka rina da baba aka goge shi har ya yi sheƙi, aka sa ɗan itace a kan hanci ya tsaya. Wanda ya san turkuɗin Kura da bugun Kano ya san aikin, har shunin da yake bari a fata iri ɗaya ne. Ruwa yana kashe sheƙin, shi ya sa ba a wanke shi, sai dai a canza.

Ɗalibar Farisanci:
Irinsa yana nan a kudancin Iran, lardin Hormozgan, Bandar Abbas da Minab da tsibirin Ƙeshm, borƙe suke cewa, na Minab ja ne mai aikin zare.

Na Afghanistan mai raga a ido sunansa a can cadari. A nan ne tarko yake: a Farisancin Afghanistan cadar mayafin kai ne na kullum, cadari shi ne mai rufe komai. Harafi ɗaya ne tsakaninsu. Ga kuma cador na Iran a gefe, wanda ba ya rufe fuska sam. Mai fassara labari da ya haɗa ukun nan ya canza labarin gaba ɗaya. A Tajikistan, su ma Farisanci suke yi, ƙyallen kai rumol ne, ba rusari ba.

Mai Fassara:
Ga masu karanta tarihin Iran akwai tsofaffin kalmomi da ba za a same su a shago ba. A zamanin sarakunan Ƙajar mace mai fita tana sa abu uku: cador, da caƙcur, wando mai faɗi da ya haɗe da safa, da rubande, farin dogon ƙyalle a fuska mai raga daidai ido. Daga baya pice ya shigo, baƙi da aka saƙa da gashin doki. A cikin gida carƙad ake sawa, babban mai kusurwa huɗu da ake sokewa a ƙarƙashin haɓa, shi ne kakan rusari. Lacak ƙarami ne mai kusurwa uku. Lokacin da sarkin Iran Reza Shah ya ƙaddamar da kashf-e hejab, wato dokar cire lulluɓi, ranar 8 ga Janairun 1936, waɗannan aka hana, har da carƙad, kuma tilascin ya sassauta bayan saukarsa a 1941. Bayan juyin 1979 abin ya juya, dokar 1983 ta sa hukunci kan fita ba hejab, daga nan manto da maƙna'e suka zama kayan aiki. Manto daga Faransanci ne, doguwar rigar sama.

Malamin Iran Ayatullah Mutahhari ma ya nuna cewa malaman fiƙihu na da satr, wato suturtawa, suke cewa, amfani da hijab a wannan ma'ana sabon abu ne, kuma Farisanci yana da tasa kalmar, pushesh. Parde, labule, ita ta tafi Indiya da Pakistan ta zama purda, abin da mu muke kira kulle.

Hajiya Mai Shago:
Allah ya saka da alheri. Don in tabbatar na riƙe: hijabinmu dogo, a Masar in ce khimar. Gyale, tarha a Jidda, shaila a Dubai, shal a Tehran. Ɗankwali, isharb ko rusari. Gajeren hijabin 'yan makaranta, maƙna'e. Haka ne?

Uwar Ɗakin Tela:
Haka ne Hajiya, amma kada ki tsaya a suna. Khimar ɗin Masar ma gabansa da bayansa ba tsawo ɗaya ba ne, kuma da yawa iyakarsu ƙugu, alhali masu sayenki har gwiwa ko har ƙasa suke so. Ki rubuta tsawon gaba daga haɓa, tsawon baya daga goshi, da zagayen fuska, duka da santimita, ba da yadi ko inci ba, don can da mita suke aiki. Ki faɗi ko da igiyar ɗaurewa a ƙeya ko babu, ko da hannu ko babu. Ki nemi a ɗora tef a kan guda ɗaya a ɗauko miki hoto kafin a ɗaure kaya. Baƙi kuma ki sa a jiƙa gefensa a goga a farin ƙyalle, idan ya zuba a can, a wuyan farar rigar mai saye zai zuba a nan.

Baƙon Jidda:
A ƙara da lambobi. Takardar kaya daga Iran lambar 4, 5 da 6 ɗinta ba irin na Larabawa ba ne a rubuce, biyar ɗinsu kamar zuciya a kife take. Na Larabawa kuma biyar kamar sifilinmu take, sifilinsu ɗigo ne. Kafin a biya, a sa dilan ya sake rubuta awo da adadi da lambobin boko.